Darasi: kada sandar awon pH ta bushe, kada kuma ta kwana a ruwan batir

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Daga nan Maraɗi nake muku magana. Ƙanena, matso da wayar su ga abin da ke hannuna. Yauwa, tsaya nan.

Wannan ita ce na'urar awon pH, "pe-ash" yadda muka koya a lakkal. Duk wanda ya sha kunun tsamiya ya kuma sha kunun kanwa, ya riga ya san rabin karatun. Ma'aunin daga 0 yake zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsami, sama da ita ɓangaren kanwa. Ruwan lemun tsami wajen 2 yake. Ai ma don lemun tsamin wani Ba'amurke, Arnold Beckman, ya ƙera tasa na'urar a 1934. Yau ga ta a hannun masu piya wata, da masu kiwon tarwaɗa, da mata masu yawur, da masu lambu a Jiratawa, da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Akwatin mai lambobi ba ya cika ba da wahala. Mai raki ita ce wannan sandar, wadda mu masu aikin muke ce wa elektorod. Ku dubi bakinta. Kun ga ɗan ƙwan gilashi? Fatarsa siririya ce ƙwarai, kuma idan ta jiƙa wani ɗan danshi kamar yauƙi yakan kwanta a kanta, wanda ido ba ya gani. Da shi sandar take ɗanɗana ruwa. Ya bushe, harshe ya mutu. Gefen ƙwan kuma ga wani ɗan farin ɗigo, kamar ƙwayar gero. Ƙofa ce mai tsatsafo, irin na randar ƙasa. Cikin sandar akwai ruwan wani gishirin potas da ake kira KCl, ta wannan ƙofa yake haɗuwa da abin da kake aunawa.

To, ga inda mutane suke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Wata shekara da za mu tafi hutun babbar Sallah, na ce bari in yi wa sandata gata. Na zuba mata tataccen ruwa, wannan da ake ƙara wa batirin mota, na tsoma ta, na kulle ɗaki. A tunanina ai babu ruwan da ya fi shi tsarki. Da na dawo, sai lambobi suka yi ta yawo kamar awakin da ba makiyayi. Dalili kuwa, tataccen ruwa ba shi da gishiri ko kaɗan, don haka sai ya yi ta zuƙe na cikin sandar ta wannan ƴar ƙofa, har ya salance ta. Ruwan batir na ɗauraya ne kawai, ba na kwana ba. Kuma in za ku saya, ku tabbata tataccen aka ba ku, ba mai asid ba, don duka biyun ruwan batir ake ce musu a gareji.

Ruwan kwananta shi ne KCl mai ƙarfin mol 3 (mol ma'aunin yawan gishirin ne a cikin lita guda). Ana sayar da shi a haɗe. In kun samu garin mai tsabta na ɗakin awo, ku auna giram 22 da ɗan ɗoriya, wato 22.4, ku narka, ku cika da tataccen ruwa ya kai mililita 100. Gishirin miya ba ya maye gurbinsa. Kanwa ma haka, ko da kun ji ana ce mata potas, suna ne kawai ya zo ɗaya. Takin potas na gona kuwa datti ya yi masa yawa. Ranar da KCl ya yanke muku, ku sa mata ruwan saiti mai lamba 4, wato ruwan da aka san pH ɗinsa ake daidaita na'ura da shi, zai riƙe ta ƴan kwanaki.

Ƙanena, miƙo murfin. Kun ga ɗan soso a ciki? Ku ɗiga masa KCl ya jiƙe, ku rufe, ku ajiye sandar a tsaye, baki ƙasa. Yanzu ga abin da takardar da ke cikin kwali ba za ta gaya muku ba, don ba a garinmu aka rubuta ta ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗan ruwan murfin nan ba ya jimawa. Da hunturu kuma iska ce take shanye shi. Ni duk Juma'a nake buɗewa in duba. Kada a bar ta a akwatin babur cikin rana, ko a gaban mota, zafi yana tsofar da gilashin. Ku samu lungu mai sanyi a ɗaki. Kada kuma ku ce za ku burge ta ku sa ta inda ake ƙanƙara, fashewa za ta yi. Wurin da wayar take shiga akwati shi ma a kare shi daga ƙura da jiƙa.

In kun buɗe kun ga farin gishiri ya taru a wuyanta, kada gabanku ya faɗi, KCl ne ya tsatso ya bushe. Ɗauraya kawai. In kun ga kumfar iska cikin ƙwan, ku girgiza ta ƙasa yadda malamin asibiti yake yi wa ma'aunin zazzaɓi.

Bayan kowane awo a ɗauraye, sannan a ɗan taɓa da takarda mai laushi ta tsotse ɗigon. Ban ce a goge ba. Guga tana kankare danshin nan, tana kuma rikita lambobi. Masu lambu, ku ne na fi ji wa tsoro: kada a soka ta cikin ƙasa kamar ana shuka rogo, yashinmu zai karce ta. A dama awo ɗaya na ƙasa da awo biyu da rabi na tataccen ruwa, a bari ya ɗan kwanta, a auna.

Wata Hajiya mai yawur ta aiko tana cewa tata ta yi nauyi, sai ta daɗe kafin lamba ta tsaya. Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa, maiƙon nono ne ya toshe ƙofar. Ki wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka, ki ɗauraye sosai, ki tsoma ta a KCl ta kwana. In ya ƙi, akwai ruwan wanki mai sinadarin pepsin da aka yi musamman don nono.

Wadda ta bushe ƙaf ma haka ake yi mata, ta kwana a KCl, da safe a yi saiti. A fara da 7, a bi da 4. Ƙananan na'urori masu kamar alƙalami sukan zo da ƙullin garin ruwan saiti na 6.86 da 4.01 da 9.18, kowane ana narka shi a mililita 250. Ku tsiyaya kaɗan a ƙoƙo, wanda kuka yi aiki da shi a zubar, ba a mayar da shi kwalba. Mai lamba 9 ko 10 shi ya fi saurin lalacewa, iska yake sha.

Amma fa ko da gata, sandar nan shekara ɗaya ce zuwa biyu. In na'urarka tana nuna milivolt, wato ɗan ƙarfin lantarkin da sandar take bayarwa, lafiyayya tana ba da bambancin kusan 177 tsakanin ruwan saiti na 7 da na 4 a digiri 25. Ka wanke, ka jiƙa, ta kasa kai wa 160, to nemi wata. Ƙanena, rufe kwalbar KCl ɗin kafin ta sha iska. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a gaida gida.