Lambun Unguwa: Lafiyar da Ake Shukawa a Kangon Fili

Da wuya ka zaga unguwa a birni ba ka ga wani kangon fili da ya koma bola ba: leda, kwalabe, ga sauro. To idan maƙwabta suka yi gayya suka share shi, suka yanka fangali, kowa ya kama nasa, me zai canja a jikinsu?

An gwada wannan a birnin Denver na Amurka. Masu bincike daga Jami'ar Colorado sun tara mutum 291 da ba sa aikin lambu. Rabi aka ba su wuri a lambun unguwa, rabi aka ce su dakata tukuna. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna masu lambun sun ƙara motsa jiki da kusan minti 42 a mako, sun ƙara cin abinci mai harza da ke gyara hanji, damuwa da fargaba kuma sun ragu.

Kada ka raina minti 42. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma sau da yawa mai wuni a ofis ko shago ba ya ko kusantar hakan. Ɗibar ruwa a bokiti, kaftu da fartanya, cirar ciyawa, a sunkuya a miƙe, duk motsa jiki ne, ba tare da an biya ko sisi ba. Ga alayyahu da rama da yakuwa a bakin ƙofa. Yaron da ya shuka tumatir da hannunsa kuwa, ba sai an lallaɓa shi ya ci ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zumunci. Dattijon da ya yi ritaya, wanda kaɗaici ke ci a ɗaka, ya samu dalilin fitowa da sassafe. Ranar da bai zo ban ruwa ba, wani zai leƙa ya ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Sai dai a kula da ruwa. A Kano, bincike ya sha gano ƙarafa masu guba a ruwan rafukan Jakara da Getsi, inda dattin gidaje da masana'antu ke kwarara, alhali da shi ake ban ruwan lambuna da dama. Wanke ganye ba ya fitar da gubar da ta riga ta shiga cikinsa. Don haka a nemi ruwan rijiya ko burtsatse mai tsabta. Idan kuma filin tsohuwar bola ce, kada a shuka kai tsaye: a kawo ƙasa mai kyau da taki, a cika buhuna, a shuka a ciki.