Yau wata Baturiya ta sauko da ni daga kan doki

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, sanyi ake zubawa ba na wasa ba. Ga bargar can a bayana, kusa da Newmarket nan Ingila, garin da ko'ina ka waiga dokin tsere ne. Yanzun nan na sauka kuma wallahi jikina duk ya mutu.

Ni fa ɗan Katsina ne, a Ƙofar Soro na buɗe ido na ga hawan sallah, tun ina shekara 9 nake kilisa da dokin kawuna. Da na biya fam 45 na hawan awa ɗaya a bargar nan niyyata kawai in rage kewar gida. Ko zagaye biyu ban yi ba matar da ke koyarwa ta ce in tsaya. Ta yaba zamana kan sirdi, wannan kam ban yi mamaki ba, amma ta ce hannuna ya yi wa dokin nauyi. Ta sa na sauko, ta ɗaga leɓenshi ta nuna min wani gurbi tsakanin haƙoran gaba da turame, babu haƙori wurin, dasashi ne kawai shimfiɗe kan ƙashi, to nan ƙarfen linzami ke zama, duk fizgar da ka yi nan take sauka.

Nan take na tuna akawal ɗin kawu, baƙin dokinshi, wata shekara bayan hawan bariki, kumfar bakinshi har ta yi ja, mu kuwa sai murna muke ya yi zamiya mai kyau gaban jama'a, muna cewa doki ne mai wuta. Linzamin nan namu mai zobe da ke kama haɓa, ja ɗaya doki ya zauna kan ƙafafun baya, ashe azaba ce ke zaunar da shi. Allah ya yafe mana.

Koyarwarta ba ta da yawa. Ka taɓa kamazuru, wato igiyar linzami, kaɗan, da ya amsa ka sakar mashi a take, don a sakin yake gane ya yi daidai. Ta fito da wani dukushi da ragama kawai, ba kaimi ba bulala, ta ɗora yatsa a ƙirjinshi ya ja da baya taku uku, ta cire hannu ta shafa wuyanshi, da ta juya sai ga shi yana bin ta har ƙofa.

Kada fa wani ya ce na zo Turai na raina gida. Mu da Sarki Dikko ya kafa mana wasan folo, wato ƙwallon doki, Sarki Usman Nagogo ya buga shi har duniya ta san da zamanshi, wa zai koya mana hawa? Yaran unguwarmu ba sirdi ba likkafa suke sukuwa, a nan sai an sa hular kwano an rattaba hannu a takarda. Kuma tsofaffin 'yan barga na da, masu jiƙa dusa da kanwa suna yi wa doki magana kamar ɗansu, sun san abin nan, mu yaran ne gaggawar burge mutane ta ɗebe mu.

Abincin ma wani karatu ne. Tumbin doki ƙarami ne kuma ba ya iya amai, a sake yakan yi wajen awa 16 yana kiwo kaɗan-kaɗan, shi ya sa wuni a turke ba harawa sannan a jibga mashi gero da dare ke jawo ciwon ciki. Kofato kuwa duk sati 6 zuwa 8 ake gyarawa, kuma a dokar nan sai mai rajista ke buga wa doki takalmi, har fasfo kowane doki gare shi.

Ku masu hayar doki don hawan angwanci, ina roƙonku kafin ku hau ku sa a ɗaga sirdi ku duba baya. Na taɓa hawan wani ya wuni yana tutsu ina ta zuba mashi bulala, sai da yamma aka kwance majayi na ga miki kamar tafin hannu, har yau abin bai bar ni ba.

Ƙanena na san kana kallo. Na sayi linzami mai gaɓa a tsakiya, fam 18, zan ba mai tahowa gida wata mai zuwa. Kada ka jira ranar hawa, ka fara gwada shi a kilisar yamma, kuma ka nuna wa kawu bidiyon nan tukuna.