Abin da ya kayar da Inna a jirgin Yamai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ba daga Burusel nake muku magana ba, ga ni a Yamai, a tsakar gidan yayana, ƙarƙashin dogon yaro. In kun ji ƙarar kabu-kabu ku yi haƙuri, gidan a bakin hanya yake. Na san na yi muku alkawarin bidiyon kasuwa da farashin kaya, yana nan tafe. Amma akwai abin da ya faru a jirgin da ya kawo ni, kuma tun da na sauka yake cina a rai. Gara in faɗe shi tun kafin in wuce Tawa, don na san da yawanku kuna ɗauko iyaye su zo muku wankan jego ko ganin likita, sannan ku sa su a jirgi su kaɗai su koma.

Ta Kazablanka muka biyo. Duk wanda ya saba hanyar nan ya san yadda take: ka yi awa uku da wani abu a sama, ka sauka ka zauna jira, sannan cikin dare a sake ɗaukarku wasu awa uku da wani abu zuwa Yamai. A wurin jiran nan na ga wata dattijuwa, da ganin zanen fuskarta ka san ta Adar ce. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ashe wajen 'yarta ta je da ta haihu, yanzu za ta koma gida. Ta sa riga a kan riga, ga zani biyu, ga babbar rigar sanyi, ga mayafi mai kauri. Na ce, Inna ba kya jin zafi? Ta yi dariya ta ce akwatin ne ya wuce kilo 23, shi ne aka ce ta saka sauran a jikinta. Kada ma wani ya yi dariya, dukkanmu mun san wannan dabarar.

Na sayo ruwa gora biyu na miƙa mata ɗaya. Ta ce, "A'a ɗana, Allah shi yi albarka, ni in zan shiga jirgi ba na sha." Na ce me ya sa, Inna? Ta rage murya ta ce, "Makewayinsu. Ba buta, ba wurin tsuguno, ga ƙofar ban san yadda ake buɗe ta ba. Kuma in na tashi sai na tayar da mutum biyu. Gara in daure." Tun asuba rabonta da ruwa. Abinci ma ta ce ba ta yarda da na jirgi ba, goro kawai take ɗan gutsura.

Mun yi nisa, an kashe fitilu, yawancin mutane sun yi barci. Ni ina kujerar bakin hanya, ita tana layi biyu a gabana. Sai na ga ta miƙe, ta dafa kujera, ta yi taku kamar uku. Ta tsaya. Hannunta ya saki kujerar, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta sulale ƙasa a hankali, ko ƙara ba ta yi ba. Da na isa kanta, fuskarta ta yi fari-fari, goshinta sharkaf da zufa mai sanyi, idanu a lumshe.

Nan fa 'yan uwanmu suka taso. Wani na salati, wani na cewa a ɗaga ta a zaunar, wata baiwar Allah ta buɗe gora za ta ɗura mata ruwa a baki. Ma'aikaciyar jirgin ta zo da sauri ta hana. Ta sa aka bar ta kwance a rigingine a kan hanyar, ta ɗora ƙafafunta a kan wata jaka suka fi kanta tsawo, ta ce da ni in gaya mata da Hausa cewa za a cire mata rigar sanyin, ko da tana ji. Aka cire, aka sassauta mayafin, aka kawo ƙaramar tukunyar oksijin aka sa mata a hanci. Minti ɗaya bai cika ba ta buɗe ido. Kun san abin da ta fara cewa? "Ina ɗankwalina?"

Ku tsaya in yi muku bayanin abin da ya sa kwantar da ita ya fi zaunar da ita, don nan ne mutanenmu suke kuskure da kyakkyawar niyya. Suma irin wannan, jini ne ya gaza kai wa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Mutum ya daɗe zaune ƙafafu a lanƙwashe, jini ya taru a ƙasa. Ga ruwan jiki ya ragu, don haka jinin da ke zagayawa ma ya ragu. Sai ya miƙe farat ɗaya. Zuciya ba ta samu isasshen abin da za ta tura sama ba, sai ido ya yi duhu. Faɗuwar nan ita ce take gyara lamarin, don da zarar kai ya daidaita da zuciya jini ya koma. In ka ɗaga shi ka jingina shi da kujera, ka mayar da hannun agogo baya. Ruwa kuwa, wanda bai farfaɗo ba ba ya iya haɗiya, sai ya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Addu'a a yi ta, ba wanda ya hana, amma a yi ta yana kwance. In ya farfaɗo sarai, yana magana, to a ba shi ya kurɓa da kansa kaɗan-kaɗan, kuma kada a yi gaggawar tayar da shi.

Wani zai ce, to ai a gida ma Inna takan yini ba ta sha ruwa ba, me ya sa ba ta faɗuwa? Saboda cikin jirgi ba gida ba ne. Jirgin nan yana tafiya a tsawon kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, inda sanyin waje yake kai 50 ƙasa da sifiri. Iskar da kuke shaƙa a ciki, matsa ta ake yi, kuma ba a matsa ta har ta kai irin ta ƙasa. Ana barin ta kamar ta wanda yake kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Yamai kuwa ko mita 300 ba ta kai ba. Shi ya sa oksijin ɗin da ke jinin mai lafiya, wanda a ƙasa yake kusan kashi 97 ko 98, a sama yakan sauka zuwa wajen 90 da 'yan kai. Matashi ba zai ji komai ba. Tsoho mai ƙarancin jini ko ciwon zuciya zai ji.

Sannan iskar a bushe take ƙayau. Danshinta yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ɗan Tawa ba sai an yi masa dogon bayani ba, ka tuna tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, hanci na yin jini, ka shanya riga kafin ka juya ta bushe. To ita ce aka rufe ku da ita. Amma kada in ɗora wa iskar laifin da ba nata ba. Ita kaɗai ba ta tsotse ruwan da zai kayar da mutum a tafiyar awa shida ko bakwai. Abin da ke kayarwa shi ne taron dangi: jiya an yini ana zirga-zirgar sallama da ɗaure kaya, ba a yi barci ba, ba a ci abin kirki ba, an ƙi ruwa da gangan, an jibga tufafi ana zufa, ga fargabar jirgi, ga wataƙila an haɗiyi maganin hawan jini da safe, wanda wasu daga cikinsu aikinsu ke nan su fitar da ruwa ta fitsari. Iskar jirgi ta zo ta tarar da mutum ya riga ya ƙare.

Kuma kada ku ɗauka Inna ce farau. A 2013 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, ta Amurka, ta buga wani bincike a kan kiran gaggawa 11,920 da aka yi daga cikin jirage. Sun tarar ana samun irin wannan kira sau ɗaya a duk tashi 604, kuma kashi 37 cikin ɗari suma ce ko jirin da ya kusa zama suma. Ita ce ta ɗaya, ta wuce matsalar numfashi, ta wuce amai. Mafi yawansu sukan warware ba tare da an karkatar da jirgin ba.

Suma ba ta cika zuwa ba sallama. Za ka ji zafi ya taso maka, zuciya na tashi, zufa ta keto, kunne na ƙara, kana ta hamma, gani na raguwa. In ka ji haka kana tsaye, kada ka ce bari in daure in kai kujerata. Zauna a inda kake, a ƙasa ma in ta kama, babu abin kunya. In kana zaune, sunkuyar da kai, ka harɗe ƙafafu ka matse cinyoyi, ka dunƙule hannu da ƙarfi, wannan yana turo jini sama. Ka danna maɓallin kiran ma'aikata da ke saman kanka. Aikinsu ne, an koya musu.

Yanzu maganar da ta fi damuna, maganar makewayi. Mu da ke waje, mukan saya wa iyaye tikiti mai tsada, mu cika musu akwati da tsaraba, mu rubuta musu lambar waya a takarda, amma ba ma zaunar da su mu ce ga yadda bayin jirgi yake. Kunya ta hana ɗa ya yi wa uwa wannan maganar. To a sa 'ya mace ta yi, ko surukar, ko wata babba. Abin ba shi da wuya. In alamar ƙofa kore ce babu kowa, in ja ce da mutum. Ƙofar turawa ake yi ta tsakiya ta naɗe. In ka shiga ka ja sakata, fitila ta ƙara haske. Maɓallin kora ruwa yana da ƙara mai firgitarwa, amma ba ya jan mutum, iska ce kawai. Buta kuwa, ga ta, ku duba: ƙaramar gorar ruwa ce wadda aka shanye. A wurin bincike ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100 a mafi yawan filayen jirgi, amma gora marar komai tana wucewa. Ka shiga da biyu, ɗaya ta sha ɗaya ta tsarki, ka ɗaura wa ta tsarkin zare don kada su rikice. Ka tara ruwa a famfon ciki ka yi tsarkinka a kan mazaunin, ba tare da ka jiƙe musu ƙasa ba. Ruwan famfon nan ba na sha ba ne, na sha sai a hannun ma'aikata, kuma kyauta ne a irin wannan doguwar tafiya, ko sau nawa ka tambaya. Sannan in kuna yankar tikiti ku zaɓa wa tsoho kujerar bakin hanya. Taga ta yara ce. Wanda ba sai ya tayar da kowa ba, zai sha ruwansa hankali kwance.

Nawa za a sha? Abin da aka saba ba da shawara shi ne kofi guda, kamar mililita 250, a duk awa. Ba wai ka shanye lita biyu a ƙofar jirgi ba. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya yi kaɗan, jiki na neman ruwa. Shayi da kofi ba haramun ba ne, amma shayinmu na fada mai kauri a kan cikin da babu komai ba ya maye gurbin ruwa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ƙoda ko zuciya, shi ya bi maganar likitansa, ba tawa ba.

Masu azumi, ni ba malami ba ne, amma ayar tana nan a Baƙara, ta 184 da 185: matafiyi yana da damar ya ajiye ya rama. In kuma kana tafiya yamma, rana ma ƙara maka tsawo take yi. Masu sikila, ku ne na fi ji wa, don ƙarancin ruwa da ƙarancin oksijin su ne ke tayar da ciwon, ga su kuma duka biyun a wuri ɗaya. Nan Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwon, a je a nemi shawara kafin tafiya. Masu ciwon suga, magani da ɗan abin zaƙi su kasance a jakar hannu, ba a akwatin da ya tafi ƙasan jirgi ba. Maniyyata aikin hajji kuma, waɗanda yawancinsu ranar ce ta farko da za su taka jirgi, da ma a bitar da ake musu a riƙa ware minti goma a kan makewayi kawai.

Kada kuma a ce duk suma ƙishirwa ce. In akwai ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko ɓangare ɗaya ya mutu, ko mutum ya wuce minti ɗaya zuwa biyu bai dawo ba, wannan wata magana ce, a faɗa wa ma'aikata komai ba ɓoye-ɓoye, har da magungunan da yake sha. Haka in bayan an sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, a tafi likita ranar, don zaman da ya wuce awa 4 yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Shi ya sa ake cewa a riƙa motsa ƙafafu, a ɗan taka in hanya ta samu.

Inna dai ta sha ruwan lemu, ta ci biskit, aka mayar da ita kujerar bakin hanya. Can kafin mu sauka ta yafito ni, ta ce, "Ɗana, zo ka nuna mini ƙofar nan." Na raka ta na tsaya daga waje. Da muka sauka a filin jirgin Diori Hamani an kawo mata keken turawa, ɗanta na jiranta a waje, na gaya masa duk abin da ya faru, na ce ya kai ta a auna jininta kafin su kama hanyar gida, don ita da na san halin iyayenmu cewa za ta yi ba komai.

Ni ma gobe da asuba zan shiga bas. Yamai zuwa Tawa ya fi kilomita 500, ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, ga watan zafi ya kama, da rana sai ya haura 40. A motar ma abin da mata da tsofaffi ke yi ke nan, su ƙi sha don direba ba ya tsayawa sai inda ya ga dama. Ga piya wata kuwa ana sayarwa a tashoshi. Zan ɗauko muku hanyar, in mun tsaya a Ƙonni kuma za mu leƙa wajen masu kilishi. Wanda ke da saƙo zuwa Tawa ya turo kafin dare, don bayan Dutsi intanet ɗin sai a hankali. Sai mun haɗu.