Dare ɗaya a mako, shi ne abin da teyatur ke nema a Maradi

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Shekara ta zo ƙarshe, kuma a wannan makon na zagaya Bagalam da Zariya da bakin babbar kasuwa ina tambayar mutane abu guda: wane wasan kwaikwayo ka kalla bana a kan dandali, ido da ido, wanda har yanzu yake ranka? Masu amsa da fim ɗin Kano sun fi yawa, sai masu nuna mini barkwancin waya. Wani saurayi kuwa ce mini ya yi, "Baba, ai teyatur na mutanen da ne." Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ni dai na ga biyu bana da ba zan manta ba. Na farko 'yan makaranta ne suka yi shi a kan rabon gado: kawu ya danne gonar marayu, yana ta kawo musu ƙauli da ba'adi. Kayan wasan duka tabarma ce da buta da tsohuwar babbar riga, ko lasifika babu. Amma da yarinyar da ta fito a matsayin uwar marayu ta durƙusa gaban mai gari, muryarta na rawa, sai wata dattijuwa daga cikin 'yan kallo ta miƙe tsaye ta nuna kawun da yatsa ta ce, "Ka ji tsoron Allah!" Ta manta wasa ake yi. Na biyun mata ne suka yi shi da waƙa da kiɗan ƙwarya, labarin mai gida ya tafi ci-rani, tiyar hatsi tana ta hawa, uwargida da amarya suna jifan juna da habaici a cikin amshi.

Sau nawa aka nuna kowannensu? Sau ɗaya. Makonni ana gwaji, a nuna sau ɗaya, a naɗe tabarma, shi ke nan. Sau ɗaya, jama'a!

Kuma ba haka muka taso muka tarar ba. A zamanin Seyni Kountché, da ya hau mulki a 1974, samariya, wato ƙungiyoyin matasa na unguwanni, ita ce ke riƙe da teyatur, unguwa na karawa da unguwa, jiha na karawa da jiha a bikin matasa na ƙasa. Yazi Dogo da abokan aikinsa sun sa Nijar dariya da tunani da Hausa tsantsa. Kafin su ma akwai wasan kara a Damagaram, akwai tashe da yaranmu ke yi duk watan azumi. Kwaikwayo gadonmu ne, babu wanda ya kawo mana shi a jirgi.

Za a ce waya ta kashe kasuwar, mutane sun daina fita kallo. Wannan ba hujja ba ce. Tun 1975 ake gasar kokowa ta neman takobi, ana nuna ta a talabijin, ana watsa ta a waya, amma je ka filin kokowa na Kantu a nan Maradi ranar da manya za su kara, ka ga ko za ka samu wurin sa ƙafa. Mutane sun san rana, sun san wuri, shi ya sa suke zuwa. Ɗan wasan kwaikwayo fa, wace rana ce tasa?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda masu shirya taruka suka mayar da 'yan wasa kamar 'yan aike. A kira su, a ba su minti goma kafin jawabai, a ce su yi a kan gidan sauro ko allurar rigakafi, manyan baƙi na duba wayoyinsu. Faɗakarwa abu ne mai kyau, ban musa ba. Amma wanda kullum sai an sa masa magana a baki, yaushe zai koyi gina labarin awa ɗaya? Yaushe zai san inda ya yi kuskure jiya, ya gyara a daren gobe?

Garin nan ya karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maradi Kwalliya, muka ga an yi gine-gine. Muna da gidan matasa da al'adu, muna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo cike da samari da 'yan mata. Wuri ba shi ne matsala ba. Dare ɗaya muke nema a mako, a ce kowace Asabar bayan isha'i akwai wasa, a biya ko dala ashirin ce a ƙofa, kuɗin ya shiga hannun masu wasan. Ban ce za a cika a watan farko ba, wataƙila ma kujeru su fi mutane yawa har wata uku. A dai tsayar da ranar, kada a ɗaga ta don taron wani ko bikin wani.

Ga magajin gari, ga 'yan kasuwarmu da ke ɗaukar nauyin kokowa da ƙwallo, ga shugabannin makarantu. Yarinyar nan da ta sa dattijuwa miƙewa tsaye tana ajin ƙarshe. Ku ba ta Asabar ɗin farko ta sabuwar shekara ta sake nuna wasan nan, ni kuma zan sanar da shi a wannan gidan rediyo kyauta.