Kabon a cikin inji: wane magani ne ke kai wa inda yake?

Assalamu alaikum. Iyayen gida, 'yan uwa makanikai da direbobi, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan ruwan nan da ake zubawa a tanki, ko yana wanke kabon ko asarar kuɗi ce. To, kafin mu kai ga kwalba, sai mu fara sanin inda kabon ɗin yake, domin magani ba ya aiki a wurin da bai taɓa ba.

Kabon ragowar fetur ne da bai ƙone sarai ba, haɗe da tururin baƙin mai da bawul ɗin PCV (mai fitar da tururi daga cikin inji) ke mayarwa cikin manifol, wato bututun da ke kai iska silinda. Zafi ya gasa su, su kama jikin ƙarfe kamar ƙanzo a gindin tukunya. Za ka same shi a bakin totur, a kan nozul, a saman fistin, da kuma bayan bawul ɗin shigar iska. Na ƙarshen nan shi ne mai taurin kai.

A inji irin na Camry 2007 zuwa 2011 mai lita 2.4, nozul yana fesa fetur ne a bayan bawul, saboda haka kullum fetur na wanke shi. A nan kwalba tana da amfani, matuƙar tana ɗauke da sinadarin PEA, irin wanda ke cikin Techron. Mai kimanin mililita 350 ana zuba ta ga lita 45, a ƙone tankin duka. Wadda ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ni dai ba zan ba mutum shawarar ya saya ba.

Amma Sonata ta 2011 mai GDI, ko Accord ta 2013 mai silinda 4, ko Volkswagen mai TSI, nozul ɗinsu cikin silinda yake fesawa kai tsaye. Fetur ba ya bi ta kan bawul ko kaɗan. Ko kwalba 10 ka juye, nozul ne zai amfana, bawul na nan yadda yake. Alamarsa: da safe mota na karkarwa a sulo, tana misin, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0300 ko P0301 zuwa P0304. Sai dai filogi da koyil su ma suna kawo hakan, don haka a gwada su tukuna, sannan a zura ƙaramar kyamara ta cikin manifol a gani da ido.

In an tabbatar, aikin hannu ne. A bar inji ya huce, a kwance manifol, a juya inji da sifana har bawulolin silindar da za a yi wa aiki su rufe ruf, sauran ramukan a toshe su da tsumma mai tsabta. A fesa ruwan wanke kafireto, a bari ya jiƙa, a kankare da tsinken roba ko burushi mai laushi, a zuƙe dattin gaba ɗaya kafin a wuce ta gaba. Masu kayan aiki suna harba niƙaƙƙen ɓawon walnot da iskar kwamfireso, domin yana cire kabon bai ci ƙarfe ba. Kada wani ya ce zai maye gurbinsa da yashi! Ƙwaya kaɗan ta faɗa silinda, ringi ya tafi. A sa sabon gasket wajen mayarwa.

Akwai kuma maganin fesawa ta hanyar iska inji na aiki a kan juyi 2000 a minti, a fesa kaɗan-kaɗan, a bayan sansar MAF mai auna iskar da ke shiga, ba ta gabanta ba. Yana rage kabon mai laushi. Injin haidurojin da ake tallatawa wai yana wanke kabon kuwa, kada ka sa ran zai ɓamɓare wanda ya shekara yana daskarewa a bayan bawul. Duk wanda ya ce ya yi, ya nuna maka hoton kyamara kafin aiki da bayansa.

Masu ɗura ruwa ta totur wai don wanke kabon, ku ji tsoron Allah da motar mutane. Ruwa ba ya matsuwa. Ya yi yawa a silinda, sandar fistin ta lanƙwashe, an koma maganar sauke inji.

Sai laifinmu na gareji: cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In ya kasa kaiwa, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara fetur, kabon na taruwa. Haɗa wannan da gajerun tafiye-tafiye a cunkoso da filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe. A mayar da tamostat, a canja baƙin mai a kan lokaci, a duba PCV.

Malam, na ji tambayarka a kan yadda ake yi da kabon a motar gas, wato mai shan dizal. Ita EGR ɗinta, wato bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji, kwance shi ake yi a wanke. Matatar hayaƙi ta DPF kuma tana ƙone kabon ɗin da ta tara da kanta a wajen digiri 600, amma sai an hau babban titi an yi tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa.