Dihe: Abincin da Rana Ke Haɗawa a Tafkunan Kanwa

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Bari in fara da tambaya. Damin geron da manomi ke kaiwa rumbu, daga ina nauyinsa ya fito? Na ji wani can baya ya ce daga ƙasa. To, ƙasa ruwa da taki ta bayar. Ganye ne ke kama hasken rana da koren sinadarin nan, kulorofil, ya zuƙi iskar kabon dayoksaid, ya haɗa da ruwa ya ƙera sukari, sannan ya saki oksijin ɗin da muke shaƙa. Tun 1779 wani likita ɗan Holan, Jan Ingenhousz, ya nutsa ganye cikin ruwa, ya ga kumfa na tashi a rana, a inuwa kuwa shiru.

Amma fa ba tsiro ne ya fara wannan sana'a ba. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne, sayanobakteriya, waɗanda saboda aikinsu oksijin ya fara taruwa a sararin duniya kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce.

Kuma ba sai mun je nesa ba. A yankin Kanem na Chadi akwai tafkunan kanwa da ruwansu ke yin kore shar. Matan Kanembu kan shiga da ƙwarya su yaɗe koren nan, su zuba a ɗan ramin da suka fafe cikin rairayi. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran, a yanka gunduwa-gunduwa a kai kasuwa. Sunansa dihe, miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. In ka sa shi a madubin ƙara girma, zare-zare za ka gani a murɗe, wato wani nau'i na sayanobakteriyan nan. Shi ne spirulina da ake sayarwa a kwalba a Turai da tsada, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na busasshensa furotin ne. A 1964 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Ni dai ban yarda a ce shi ya gano shi ba, tunda a hannun masu talla ya same shi.

Sai dai don Allah kada yaro ya fita daga nan ya nufi kududdufin unguwa da ƙwarya. Cikin dangin nan akwai masu dafin da ke lalata hanta, har su kashe dabbar da ta sha. Dihe ya tsira ne saboda kanwar tafkin ta yi wa yawancin sauran ƙarfi.