Baƙon da Rana Ta Kasa Busarwa: Lacca kan Minki da Ɓeran Ruwa a Birtaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, ɗalibai, da iyayenmu mata da ke zaune can baya, barkanmu da yamma.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To yau labarin da na zo da shi na wani baƙo ne da rana ta fito masa bai bushe ba, har ya kusa ƙarar da 'yan gari.

Ɗan garin shi ne ɓeran ruwa na ƙasar Birtaniya. Kada ku ji an ce ɓera hankalinku ya tafi kan na rumbu. Wannan ba ruwansa da hatsin kowa. Ciyawar bakin kogi yake ci, hancinsa a dunƙule, kunnuwansa sun nutse cikin gashi, nauyinsa bai cika wuce giram 300 ba. Ramukansa a gaɓar kogi suke, wata ƙofar a tudu, wata a ƙarƙashin ruwa. Masu bincike kan gane yana wuri ko ba su gan shi ba, domin a karkace yake yanke ciyawa, kamar yadda almajiri ke fiƙe alƙalami.

Baƙon kuwa sunansa minki, daga Arewacin Amurka. Ku ɗauki siffar tunku, dogo siriri, ku ƙara masa gwanintar ninƙaya. Ba da ƙafarsa ya zo ba. A shekarar 1929 aka fara shigo da shi ana kiwonsa a keji don fatarsa, wadda ake ɗinka riguna masu tsada da ita. Wasu suka tsere, wasu aka sake su da gangan. A 1956 aka tabbatar suna haihuwa a daji, a Kogin Teign da ke yankin Devon. Dokar hana wannan kiwo ba ta fara aiki a Ingila da Wales ba sai 2003. Ihu bayan hari.

Nan nake so ku ba ni hankalinku. Ɓeran ruwa ya daɗe da maƙiya: zalɓe, mujiya, yanyawa, karen ruwa. Kowannensu, ɓeran yana da dabarar da yake kuɓuce masa. Idan daga sama aka kawo hari, ya faɗa ruwa tsulum, ya tayar da laka ta rufe shi. Idan karen ruwa ne ya biyo shi, ya shige rami, shi kuwa karen ruwa ya yi girma da ƙofar. Amma macen minki fa? Ta iya ruwa, ta iya tudu, kuma jikinta daidai ramin. Ba sauran mafaka. Mace ɗaya mai shayarwa tana iya share ɓerayen wani yanki na kogi kafin 'ya'yanta su girma. Haka ɓeran ruwa ya ɓace daga kusan kashi 90 cikin 100 na wuraren da aka san shi da su. Gaskiya ce, shanu da suka tattake gaɓa da gyaran magudanun ruwa sun riga sun raunana shi, amma minki ne ya ƙarasa.

Shekaru ana ta dasa tarko a makance. Sai a 2002 wani masani, Jonathan Reynolds, ya ƙirƙiro wani abu mai sauƙi: katako mai shawagi a kan ruwa, da ɗan lungu a samansa, a cikin lungun an shimfiɗa yumɓu haɗe da yashi wanda kullum yake da laima. Minki ba ya ganin lungu ya wuce. Yana shiga sai ya bar sawu. Duk maharbin da ke ɗakin nan ya san darajar sawu. Inda aka ga nasa, nan kaɗai ake sa tarko, tarkon kuma na keji ne mai kamawa da rai. Idan wata dabba ce ta faɗa, a sake ta. Idan minki ne, a harbe shi nan take da bindigar iska, domin doka ta hana a mayar da shi daji. Yanzu ma tarkon na da na'urar da ke aika saƙo wayar mai sa ido da zarar ƙofa ta rufe, ana kuma jawo minkin da warin da aka tatso daga jikin ɗan'uwansa.

Amma na'ura ba ita ce ta yi nasara ba. Samarin minki kan bar uwa a ƙarshen bazarar can, su yi tafiyar kilomita masu yawa suna neman wurin zama. Ka share gaɓarka tas, maƙwabcinka ya ƙi, baɗi sun dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan ne Farfesa Tony Martin ya gane, mutumin da ya jagoranci kawar da ɓeraye daga tsibirin South Georgia da ke kudancin Tekun Atlantika. A gabashin Ingila, a Norfolk da Suffolk, aka haɗa manoma, masu filaye da ɗaruruwan 'yan sa-kai a kan kogunan gaba ɗaya. A farkon 2024 suka sanar cewa a tsakiyar yankin ba a ga alamar haihuwar minki ba a shekarar 2023.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, Malam, ashe ba zalunci ba ne a kashe wata halitta don a ceci wata?

'Yata, tambayarki tana damuna ni ma. Minki bai yi laifi ba, halinsa yake bi, mutum ne ya ɗauko shi daga inda Allah ya ajiye shi. Shi ya sa nake ganin wajibi ne a yi kisan cikin gaggawa, ba tare da azabtarwa ba. Shi ya sa kuma na fi goyon bayan a gama aikin baki ɗaya. Mai rage su kawai zai yi ta kisa kowace shekara ba ranar dainawa, wanda ya kawar da su kuwa wata rana zai naɗe tarkunansa. A dajin Kielder da ke arewacin Ingila, sai da aka yi shekaru ana duba yumɓun nan, aka gamsu minki ya yi ƙaranci, sannan a 2017 aka fara sakin ɓerayen ruwa a rafukan da suka daɗe babu su.